Shekarar autata ta farko a nazare: abin da na gani da idona

Hajiya, surukata, ita ce ta fara hanawa. "Yarinyar da ko ɗaura zani ba ta iya ba, me za ta koyo? Ku bari ta cika shida, Islamiyya ta ishe ta." A lokacin autata tana da shekara huɗu da 'yan watanni, ni ma kuma zuciyata ta rabu biyu, don yayyenta duk sai da suka kai shida muka sa su aji ɗaya kai tsaye. Abin da ya sa na dage shi ne wahalar da babban ya sha. Ya shiga firamare bai taɓa riƙe fensir ba, zangon farko da kuka ya ƙarasa shi. Don haka bara, da aka dawo hutu a Satumba, muka kai ta wata ƙaramar makarantar kuɗi a nan Tudun Wada, cikin garin Gombe.

Duk yabon da zan yi wa makarantar nan, rabinsa na malamar ajinsu ne, wadda yaran ke kira Anti. Ta faɗa min a Kwalejin Ilimi da Fasaha ta Tarayya da ke nan Gombe ta yi NCE ɗinta, wato takardar shaidar malanta. Wata Laraba na je ɗaukar yarinyar kafin a tashi, sai na tsaya ta taga ba su gan ni ba. Yara zaune a kan tabarma, kowa da tulin murfin kwalbar lemo a gabansa. Anti ta ce a ware ja daban, kore daban, sannan a ƙirga. Da Hausa suka fara, ɗaya, biyu, uku, sai da kowa ya taɓa murfinsa da yatsa, kafin ta maimaita musu da Turanci. Akwai wani yaro da ya takure a lungu bai taɓa komai ba. Ta je ta durƙusa gabansa, ta yi masa magana da Fulatanci a hankali, sai ga shi ya miƙo hannu. Ba bulala a hannunta, ba tsawa. Na daɗe a tagar nan.

A gida ne na fi ganin amfanin abin. Ni ɗinki nake yi, yanzu kuwa in na zube maɓallai a faifai ita ke ware min su, manya gefe, ƙanana gefe, ta faɗa min adadinsu. Bakinta ya buɗe ƙwarai. Da can in ka tambaye ta abu sai ta ɓuya a bayan zanina, yanzu labari take ɗaukowa daga farko har ƙarshe, wane ya ƙwace wa wance alli, Anti ta ce a bayar a kuma ba da haƙuri. Ta koyi jiran layi, ta koyi wanke hannu da sabulu kafin cin abinci, har yayyenta take tunasarwa. Malamin Islamiyyarsu ma ya ce ta fi zama wuri ɗaya ta saurara, haddarta ta ƙaru. Ma'aikatan lafiya sun sha faɗa mana a wajen awo da rigakafi cewa ƙwaƙwalwar yaro ta fi saurin ginuwa a shekarun nan na farko, sai bana na gane abin da suke nufi.

Amma akwai abin da ya ɓata min rai, kuma ba zan ɓoye ba. Aikin gida ya yi yawa. Yarinya 'yar shekara huɗu a ba ta shafi biyu cike da layi ta kwafi baƙaƙe, bayan ta dawo a gajiye ga Islamiyya da la'asar. Akwai daren da ta yi barci fensir a hannunta, hawaye ya bushe a kumatunta. Washegari na samu shugabar makarantar. Ta saurare ni da mutunci, sannan ta ce, "Maman yara, iyaye ne ke nema. In ba mu bayar ba sai su ce ba ma koyar da komai, su cire 'ya'yansu." Na gane matsin da take ciki, amma ban yarda ba. Abin da 'yata ta koya da murfin kwalba ya zauna mata, shafukan nan kuwa sai ƙin fensir suka so jawo mata.

Ajin ma ya cika. Na ƙirga yara 38 ga malama ɗaya da mai taimaka mata, banɗaki guda. Da hunturu tagogin ba murfi, ƙura na shiga, mura ba ta sake ta ba sai da zafi ya fara. Ga kuɗin rigar bikin ƙarshen shekara da aka ɗora mana ba tare da shawara ba.

Maƙwabciyata ta ce ita ba ta da halin makarantar kuɗi, na ce mata ta je firamaren gwamnati ta unguwa ta tambayi hedimasta. Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta haɗa da kula da ƙananan yara, tsarin ilimi na ƙasa na 2013 kuma ya sa shekara guda ta share fage kafin aji ɗaya. Wasu firamaren da ke ƙarƙashin SUBEB, hukumar ilimin bai ɗaya ta jiha, suna da irin wannan ajin, iyaye da yawa ne ba su sani ba. Duk inda za ta kai ɗan nata dai, ta fara zuwa ta tsaya ta ga yadda malamar ke magana da yaron da ke kuka.

Mun biya kuɗin zango mai zuwa, za ta ci gaba a wurin. Na gaya wa Anti aikin gida minti goma za mu riƙa yi, inda ya tsaya ya tsaya, ta ce ta amince. Hajiya kuwa jiya ita ta zaunar da jikarta a kan tabarma, ta zube mata ƙwallayen dabino ta ce ta ƙirga mata.