Manhajar jigilar kaya ko littafi da Excel, wanne zai rage maka kuɗin mota?

Salam Alhaji, barka da warhaka. Na ga tambayarka tun jiya, ka ce injin abincin kajinku na Dakace a Zariya ya fara bunƙasa, Allah ya ƙara albarka, amma kuɗin mota na cinye ribar, shin ka sayi manhajar nan ta kula da jigilar kaya ne ko ka ci gaba da littafi da WhatsApp. Lodi da lissafin mota shi ne aikina kuma duka biyun na yi aiki da su, bari in faɗa maka abin da na gani.

Littafi da waya ba su da kuɗin wata, littafi ma ba ruwansa da NEPA ko netwok, kuma direbobi da 'yan kamasho sun saba da su, ka kira mutum ku yi ciniki ya turo mota shikenan. Matsalar ita ce komai yana kan mutum ɗaya, ranar da yaron lodi ya yi tafiya ko ya kwanta ciwo ba wanda ya san nawa aka biya zuwa Gusau wancan watan. Abin da ya fi damuna ma, littafi zai gaya maka nawa ka biya mota amma ba zai gaya maka nawa kowane buhu ya ci ba, kuma wallahi nan ne kuɗin ke zurarewa. Tirela mai tan 30 tana ɗaukar buhu 1,200 na kilo 25. A ce misali ka yi shatarta miliyan 1 da dubu 200, in ta cika kowane buhu ya ci naira 1,000, in kuwa buhu 800 aka zuba mata saboda kwastoma na ta kira a yi sauri to buhu ya koma 1,500, kai kuma farashi ɗaya ka sayar.

Manhajar nan ta fi ƙarfi a daidai wannan wurin. Oda na shigowa za ta haɗa maka na hanya ɗaya, na Giwa da Funtua da Gusau su tafi a mota guda maimakon ƙananan motocin kanta uku kowacce rabi. Tana ajiye farashin kowane mai mota ka ga wa ya fi sauƙi a wace hanya, tana haɗa takardar kuɗi da webil, wato takardar rakiyar kaya, kada a biya lodi ɗaya sau biyu, direba ya ɗauki hoton webil ɗin da aka sa wa hannu ya turo, in akwai tiraka, wato na'urar bin sawu, a motar ka ga inda ta kwana da kwana nawa ta yi tana jiran a sauke. Sannan ga maganar dawowa fanko, motar da ta kai kaya Jos ta dawo ba komai alhali kuna sayen masara a Saminaka da ke kan hanyar, gas ɗin dawowar nan kai ka biya shi ko ba a rubuta maka ba.

Amma kar wani mai talla ya ruɗe ka. Da yawan manhajojin nan kuɗin wata ne kuma da dala, irin su SAP da Oracle na manyan kamfanoni ne, sun fi ƙarfin buƙatarka a yanzu. Manhaja ba ta san kuɗin 'yan lodi da na tasha da abin da ake bayarwa a shingaye ba sai ka shigar mata da hannu, taswira kuma ba ta san hanyar da ba a bi bayan magariba ba, wannan sai direba. Direban haya da yawa ma ƙaramar waya ce a hannunsa. In yaranka ba sa shigar da komai a kan lokaci to ka sayi littafi ne mai tsada kawai.

Ni dai shawarata Alhaji, in motocin haya kuke amfani da su kuma lodin bai fi ƙarfin mutum ɗaya ba, ka fara da Excel na wata 3: rana, gari, mai mota, buhu nawa, kuɗin shata, kuɗin hanya, kwanan jira, sai layin ƙarshe kuɗi bisa buhu. In kuna da motocinku na kanku, ko oda ta fara karo da juna har ana mantawa da ta wani, to lokacin manhaja ya yi, ka nemi wadda ake biya da naira, mai aiki a wayar Android ko ba netwok, kuma su ba ka gwaji da ainihin lodinku kafin ka biya ko sisi. Mota nawa kuke fitarwa a sati, kuma naku ne ko haya? Ka gaya min sai in tura maka irin teburin Excel ɗin da muke amfani da shi.