Market Access Map: shafin duba harajin kwastam kafin kaya su taso

Mai shigo da kaya da yawa ba ya sanin nawa ne dutin kayansa sai kwantena ta sauka, ejan ya kira shi da lissafi. Market Access Map shafi ne na intanet da aka yi don a san amsar tun kafin a tura kuɗi. Cibiyar ITC da ke Geneva ce ke tafiyar da shi, wadda haɗin gwiwa ce tsakanin Majalisar Ɗinkin Duniya da Ƙungiyar Kasuwanci ta Duniya, kuma duba haraji a cikinsa kyauta ne.

Abu uku yake tambaya: ƙasar da kaya za su fito, ƙasar da za su shiga, da lambar kayan. Sai ya fito da harajin gama-gari da ake ɗora wa kowa, da na rangwame idan akwai yarjejeniya tsakanin ƙasashen biyu, da ƙarin harajin da wasu ƙasashe ke sa wa kayan da suke ganin an karya farashinsu da gangan, da sharuɗɗan shigowa irin su takardun lafiya da na inganci.

Wurin lambar ne ake yin ɓarna, kuma a nan shafin ya fi amfani. Lambar kayan, wadda ake kira lambar HS, tsari ne na Hukumar Kwastam ta Duniya da ya fara aiki a 1988. Lambobi shida na farko iri ɗaya ne a ko'ina, daga nan kowace ƙasa ta ƙara nata: Amurka da ƙasashen ECOWAS suna kaiwa goma. Ainihin harajin yana rataye ne a kan cikakkiyar lambar ƙasa. Wanda ya tsaya a shida zai iya ganin matsakaicin adadi ne kawai, alhali layukan da ke ƙasa sun bambanta. A bi jerin har ƙarshe.

Ga misali da riga. Idan saƙa ce irin ta singileti, babi na 61 take shiga, wato lambarta da 61 take farawa. Idan ɗinkin yadi ce, babi na 62. Ko a cikin saƙar, ta auduga 6109.10 ce, ta roba 6109.90. Haka shinkafa: gyararriya 1006.30, gutsattsariya 1006.40. Akwai kuma tarkon sabunta tsari, wanda ake yi kusan duk shekara biyar. A bugun 2022 wayar hannu ta zamani ta samu lambarta, 8517.13, faifan sola kuma ya tashi daga 8541.40 ya koma 8541.43. Mai sayarwa yakan kwafo tsohuwar lamba a takardar farashi, ejan ya ɗauka yadda ya gan ta, sai a tsayar da kaya ana ta ja-in-ja kuɗin ajiya na hawa. Shi ya sa ya kamata a lura da shekarar bayanan da shafin ya nuna, domin ba duk ƙasashe ne bayanansu ke zuwa a kan kari ba.

Wannan shi ne babban rauninsa. Gwamnati tana iya canza haraji cikin dare da sanarwa guda, shafin kuma bai kama ba tukuna. Sannan abin da ya nuna ba hujja ba ce a gaban jami'in kwastam. Littafin harajin ƙasar shi ne doka. Neman kaya da suna ma sai an yi haƙuri, don da yaren littafin haraji yake amsawa, ba sunan da ake kiran abu a kasuwa ba.

Kada kuma a ɗauki kason da aka gani a matsayin jimilla. Yawancin ƙasashe suna lissafi ne a kan kuɗin kaya haɗe da jigila da inshora. Kayan dala 10,000 da jigilar 1,500 da inshorar 100, a kashi 20 cikin ɗari, dutinsu 2,320 ne, ba 2,000 ba. Amurka kuwa ba ta haɗa jigilar teku a ciki. Harajin VAT da kuɗin tasha da ladan ejan duk lissafinsu daban.

Batun dawo da kuɗin dutin da aka riga aka biya fa? Shafin ba ya shigar da ƙorafi, amma da shi za ka gane an caje ka fiye da kima. Ka ɗauko takardun shigowa na baya, ka gwada lamba da kason da aka biya da abin da ya nuna. Sau da yawa za a tarar akwai rangwamen yarjejeniya da ba a nema ba saboda babu takardar shaidar asalin kaya. Daga nan sai a kula da wa'adi: a Tarayyar Turai shekara uku ce don neman rarar da aka biya, a Amurka kwana 180 bayan kwastam ta rufe lissafin shigowar. Wanda ya sake fitar da kayan da ya biya wa duti a Amurka yana iya karɓar har kashi 99 cikin ɗari, muddin ya nema cikin shekara biyar kuma takardun shiga da na fita sun dace da juna.

Idan kaya masu rikitarwa ne kuma za a riƙa kawo su a kai a kai, shafin bai isa ba. A rubuta wa kwastam a nemi hukuncin lamba a rubuce kafin a yi oda. Irin wannan takarda a Turai tana aiki shekara uku.