Panno mai naɗewa da durowar da na sa anka yi mishi bisa mota

Duk inda na tsaya da motar ga, ko tashar Tawa ko bakin kasuwar Abalak, sai wani ya ɗaga kai ya leƙa ƙarƙashin galeri, ƙarhen ɗaukar kaya da ke bisa mota, ya ce "Alhaji wagga durowa ta mi ce?" Panno ne ciki, allon nan mai maida hasken rana wutar lantarki. Shekara guda da wata bakwai ke nan ina yawo da shi, na gaji da maimaita labari tsaye cikin rana, shi ya sa na ce bari in rubuta shi sau guda.

Motar tsohuwar Hilux ce, na sa anka yi ma bayanta rumhwar ƙarhe, ciki akwai katihwa da ɗan firigo mai bolt 12 da batiri na biyu mai amper 100 wanda yake daban da na tada mota. Dabbobinmu suna arewa da Abalak, in na tahi sai in yi kwana huɗu ko biyar can, ni da ɗan ƙanwata da ke kama mini tuƙi. Firigon ba don jin daɗi kaɗai ba ne, allurar rigakahin dabbobi ke ciki, ita ko in ta sha zahi ta tashi aiki, ka yi ta huda bisa a banza. Da can sai mu tada mota tana tsaye awa guda sahe awa guda marece don batirin shi samu caji, gazuwal na ƙonewa, injin na ruri, Buzayen da ke kusa da mu suna shan shayi suna kallonmu kamar mahaukata.

Yamai na sayi pannon, wajen kasuwar Katako. Tun watan 8 na 2023 da Najeriya ta yanke muna wuta kasuwar panno ta buɗe, kowane lungu ka shiga ga su jingine ga bango. Nawa irin mai ganye biyu ne, kowane wat 100, shina naɗewa kamar allo biyu da anka haɗa da hinji, da maƙulli biyu da mariƙi kamar akwati, da ƙahwahu na alminiyo ta baya. Nauyinshi ya kusa kilo 17. Jikka 85 na biya bayan mun yi ta ja da mai shago. Akwai masu laushi irin na yadi da ba su da gilashi, sun hi sauƙin ɗauka nesa ba kusa ba, amma na taɓa ganin wani wajen abokina hantsin Azawak ya dahe shi har saman ya yi hwari-hwari kamar tsohuwar leda, sai na ce a ba ni mai gilashi in sha nauyina.

Wuta kam shina bayarwa, ba ni da ƙorahi nan. Amma wanda ya ce maka za ka ga wat 200 cif ƙarya yake maka. Wancan 200 ɗin ana auna shi ne in pannon na da sanyin digiri 25, to ina za ka samu 25 Tawa da rana tsaka? Duk digiri guda da ya hau bisa haka ƙarhinshi na raguwa kaɗan, ƙasa da rabin kashi guda cikin ɗari, ka ga kamar ba komi ba ne amma watan 4 da iska kanta ke wuce 42 gilashin ba ya taɓuwa da hannu, ka lissahwa ka gani. Mahi yawan abin da na gani ga regilater, na'urar da ke daidaita wutar da ke shiga batiri, wat 160 ne, wani hantsi cikin watan 1 bayan na goge shi. Cikin bazara 125 zuwa 135 yake yawo. Ya ishe ni, firigon wat 45 yake ja in shina aiki kuma ba kullum yake aiki ba, shina hutawa, ga cajin salula na duk mashekarin, don da sun ga an baje panno sai yara su hwara zuwa da wayoyi cikin zane.

Abin da ya ba ni wahala ba wutar ba ce, inda zan aje shi ne.

Da hwarko na yi abin da kowa ke yi, na baje shi bisa galeri na ɗaure da igiyar roba irin wadda ake yanka daga robar cikin taya. Na ce ai ga shi ina tahiya shina caji. Kwana biyu na gane wautata. In pannon na bisa mota dole motar ta kwana ta wuni cikin rana, ga gawo can da inuwarshi, kun san gawo da rani yake ganye, ni ko na aje mota hili tana dahuwa, firigon da ke ciki ya daina hutawa kwata-kwata, abin da pannon ya kawo shi yake cinyewa. In kuma na matsa rabi inuwa rabi rana to an gama, don ƴan murabba'an nan da ke cikin gilashi a jere suke haɗe kamar raƙuman ayari, guda ya tsaya duk layin ya tsaya. Inuwar reshe guda ta taɓa sauko mini da shi daga 140 zuwa 60 ina kallo. Har inuwar tayar sukur, wato tayar ko-ta-kwana, da ke bisa galeri tana cin nata rabo da marece.

Sai na koma ajiye shi cikin jakarshi bayan kujera. Nan ne na ga babban aibin irin wanga panno, in ka naɗe shi gilashin waje yake kallo, ƙahwahu da wayoyi su ne ciki, abin da ke kare gilashi jakar yadi ce kawai mai ɗan soso. Mun bar Tabalak ke nan, tabkin na hannunmu, yaron ya hwaɗa wani rami, duk wanda ya san hanyar Tawa zuwa Agadas ya san ramukanta, bidon ruwa mai lita 25 ya kuɓuce ya sauka bisa jakar da gindinshi. Ban ji ƙarar komi ba. Sai da munka isa na buɗe na tarar da ganye guda ya yi zanen gizo-gizo tun daga kusurwa har tsakiya. Yaron ya ce "Kawu wallahi ban ga ramin ba", na ce ba kai ba ne, ni ne na sa ƙwai da dutse buhu guda. Ganyen bai mutu nan take ba, ya ci gaba da ba da wuta har damina ta zo raɓa ta shiga tsagin, daga nan ya hwara ja da baya, dole na nemi mai wat 100 daidai girmanshi anka sauya mini.

Daga nan ne maganar durowa ta taso. Na tahi wajen wani mai walda nan cikin gari, ba zan hwaɗi sunanshi ba don mun shirya daga baya, na ce shi yi mini gida da ƙarhen korniyer ƙarƙashin galeri, tsakanin galeri da ruhin rumhwar, yadda pannon zai shiga a naɗe kwance in jawo shi ta baya. Ya auna ya ce "Alhaji ka dawo jibi". Aikin ga ido ya yi kyau, har penti baƙi ya shahwa. Amma ya yi shi cif-cif ba wurin sa komi, alminiyo na zaune bisa ƙarhe kai tsaye, kuma ya kama durowar ga galeri da bulon huɗu da noti na banza. Kwalta ba ta nuna komi ba. Muna sauka hanyar ƙasa mai gargada, irin wadda haƙoranka ke kaɗawa, sai ƙara ta tashi bisa kanmu kamar ana kiɗan kwano. Na tsaya na hau, noti biyu sun hita sun tahi abinsu, na uku da yatsa na juya shi, gehen alminiyon ya ci har ya yi baƙin gari. Da igiya munka ƙarasa tahiyar, mun yi ta rarrahe kamar masu rakiyar amarya.

Da na koma bai yi gardama ba, ya ce shi ƙohwa da taga ya saba yi, su ko ba su tahiya Abalak. Munka sake zama ni da shi. Ya buɗa gidan da yatsa guda kowane gehe, munka liƙa robar cikin taya ninki biyu bisa duk inda alminiyo zai taɓa ƙarhe, sama da ƙasa, yadda in ka tura pannon sai ka ɗan matsa shi kahin shi shige. Bulon ya zama shida, da noti mai roba ciki wanda girgiza ba ta kwance shi. Ta gaba ya sa ɗan ƙarhe a karkace don iska ta bi ta sama kada ta shiga ƙarƙashi ta riƙa ɗaga shi, ta baya kuma ƙyaure da kwaɗo. Ya bar tazarar yatsa uku tsakanin durowar da ruhin don kada zahin kwano shi riƙa gasa jakar. Duka da gyaran jikka 30 ta ci. Tun ranar ban sake jin ƙara ba, amma duk da haka kahin kowace tahiya ina hawa da kile, wato sifana, in taɓa bulon ɗin ɗaya bayan ɗaya, abin ya zame mini kamar diba mai da ruwa.

Yanzu in mun sauka, mota ta shige inuwa, yaron shi jawo pannon shi kai shi hili da waya mai metir 10. Wayar da ta zo da shi siririya ce kuma gajera, na jehwar, na sayi mai kauri, lamba 6. Regilater ɗin da sunka liƙa bayan pannon shi ma na ɗebe shi, ƙarami ne, irin mai sauƙi da ake ce ma PWM, shina shan rana tare da gilashin kuma shina nesa da batiri, na sa wani irin da ake ce ma MPPT, wanda ya hi tatso wuta daga panno, cikin mota dab da batirin, da his mai yanke wuta in ta yi yawa tsakaninsu. Wanda zai yi haka shi tuna batiri ake hwara haɗawa ga regilater kahin panno, in za a kwance kuma panno ake hwara cirewa.

Jingina shi ba wuya. Tawa na wajen digiri 15 arewa, saboda haka karkata kaɗan ya isa, huskar na kallon gusum, wanda ya taɓa wucewa ta Malbaza ya ga tashar nan mai megawat 7 da anka buɗe 2018 ya ga yadda nasu ke kwance-kwance. Ƙahwahun nawa an yi su don ƙasashen da rana ke bi ta gehe, tsayuwarsu ta yi yawa, sai na haƙa ma ƙahwar rami kaɗan cikin rairayi. Daga watan 5 zuwa na 7 ma rana ta ɗan koma arewa da tsakar kai, lokacin kusan kwance nake barinshi bisa duwatsu huɗu don iska ta wuce ƙarƙashi. Sau uku muke juya shi, hantsi gabas, azahar sama, la'asar yamma, kuma bambancin a bayyane yake ga regilater.

Maƙiyanshi daji uku ne, ƙura da iska da awaki. Cikin hunturu kwana guda ya isa shi yi ja, ina goge shi da sassahe tun gilashin na sanyi, in kaɗe rairayin da bakin rawani tukuna sannan tsumma mai ɗan ruwa, in ka goga da ƙarhi bisa rairayi kai ke kankare shi da hannunka. Ruwan wasu rijiyoyin can na da kanwa, shina barin hwarin tabo, ruwan shanmu nake ɗiba kaɗan. Iska kuwa, hadarin hwarkon damina da ke turo jan bango na ƙura gabanshi ya taɓa kihe mini shi bisa huska, Allah ya sa rairayi ne, tun daga nan buhu biyu cike da ƙasa ke danne ƙahwahun, kuma da gabas ta yi ja sai durowa. Ƴan awaki su kam sun ɗauka dutsen wasa anka kawo musu. Na taɓa tashi daga ƙailula na tarar da biyu bisa gilashin suna sulɓi, guda na tauna roban wayar. Reshen ƙaya muke kewaya shi da shi yanzu kamar sabon dashe.

Zan sake sayen shi? E, amma ranar da na saye shi ranar zan wuce wajen mai walda, ba sai na hwasa ganye ba. Mai ƙaramar mota da ba ta da galeri kuwa gara shi tsayar da shi a tsaye bayan kujera shi ɗaure, kada shi kwantar a ɗora kaya bisa.

Jakar ce dai har yanzu ban samu yadda zan yi da ita ba. Zip ɗin ya mutu tun wata na huɗu, rairayi ya cinye haƙoranshi, yadin kuma karangiya ta mayar da shi gidanta, ko ta ina ka kama sai ta soke ka. Na kai ma wani mai ɗinkin basha kusa da kasuwa shi yi mini sabuwa da tampol da igiyar zarge, ya ce in dawo bayan sati, sati uku ke nan.