Gargaɗi ga masu haɗa kujerar tuƙin jirgi a gida: ku guji mahaɗar USB mai baki bakwai ɗin nan

Jama'a, akwai wani mutum da ke yawo a rukunonin masu wasan tuƙin jirgi a kwamfuta yana tallar mahaɗar USB mai baki bakwai. Cewa yake USB 3.0 ce, mai wutar kanta, da adafta mai amfa 3, wai an ƙera ta ne musamman don irin aikinmu. Na saya wata biyu da suka wuce, kuɗin ma sai da ya shiga asusunsa kafin ya ɗora kaya a mota. Kada ku saya.

Abin da na haɗa a ɗakina ba wani mai yawa ba ne. Ƙaramin jirgin Cessna 172 nake tuƙawa a wasan Microsoft Flight Simulator. Akwai sitiyarin jirgi na hannu da na samu a kasuwa, sai totur da fedar ƙafa da kafinta ya yanka mini, na ɗora su a kan Arduino Pro Micro biyu (ƙananan allunan lantarki ne da ke kai saƙonsu ga kwamfuta), sai allon makunnai da lambobin rediyo a kan Arduino Mega da ke aiki da manhajar MobiFlight mai haɗa shi da wasan, da ƙananan motocin lantarki guda biyu da ake kira sabo (servo), masu juya allurar agogon jirgi. Baki uku kawai kwamfutata ke da shi, mahaɗa ta zama dole.

Lissafin wutar a fili yake. Bakin USB 2.0 na bayar da mA 500 (mA 1000 ne amfa ɗaya) a kan bolt 5, na USB 3.0 kuma mA 900. Mahaɗar da ba ta da adafta wannan ɗan abin take rabawa kowa, a ƙa'idar USB 2.0 ma mA 100 aka yanka wa kowane bakinta. Mai wutar kanta kuwa ya kamata ta iya ba kowane baki mA 500, wato baki bakwai na neman amfa 3.5. Ka ga ko amfa 3 ɗin da ya rubuta ba ta kai ba, amma na ce ai ba duka zan cika ba.

Daren farko ina gangarowa filin jirgin Malam Aminu Kano, na rage totur, allurai suka motsa tare, sai na ji ƙarar nan ta Windows ta an cire kaya. Sitiyari ya mutu a hannuna, jirgi ya yi gefe ya shige gona. Sau huɗu ana haka. Kwana uku ina zargin sodar da na yi, har na warware wayarin allon gaba ɗaya na sake, ashe ɓarawon na kan tebur.

Wani ƙanena mai gyaran waya ne ya ce, "Yaya, kawo mu buɗe cikinta." Da ya haska tocila a bakin nan mai launin shuɗi, ƙarfe huɗu muka ƙirga. USB 3.0 ta gaskiya tara take da su, biyar a gaba, huɗu can ciki. Roba kawai aka rina. A kan allon cikin mahaɗar kuma cif biyu ne na FE1.1s, ɗaya goye da ɗaya, kuma wannan cif ɗin na USB 2.0 ne. Gudun bai dame ni ba, don Arduino ba ya wuce megabit 12 a daƙiƙa, ƙaryar ce ta ba ni haushi. Adaftar kuwa kamar kwalin ashana babu ashana. Da ya ɗora mata kaya a mita, ba ta kai amfa ɗaya ba wutar ta zube.

Abin da ya fi tayar mini da hankali na ƙarshe ne. Ya zare mahaɗar daga kwamfuta, ya bar adafta a soket, ya auna kan wayar da ke shiga kwamfuta: bolt 5 cif. Ma'ana wutar adaftar komawa take yi baya cikin kwamfutarka, babu abin da aka sa ya tare ta. Adafta mai arha irin wannan, a wutarmu da ke hawa da sauka, rana ɗaya za ta tafi da bakin USB ɗin, in an yi rashin sa'a har da uwar allon kwamfutar. Duk mai mita ya yi wannan gwajin kafin ya jona kowace mahaɗa.

Kuma ba kowa ke bukatar mai adafta ba, shi ne abin da mutumin nan ba zai faɗa maka ba. In makunnai ne da totur kawai gare ka, ɗan abin da Pro Micro ke ci bai taka kara ya karya ba, mahaɗa mai baki huɗu ta kirki ta wadatar, kuma ko an ɗauke wuta tana tafiya da batirin kwamfutarka. Fitilu masu yawa da lambobi da sabo su ne masu ci. Su ma sabo gara ka ba su tasu wutar daban, ka haɗa musu wayar ƙasa (GND) da ta Arduino.

Da na tura wa mai tallar hotunan cikin mahaɗar, cewa ya yi wutar gidana ce ba ta da kyau. Na tura bidiyon mita, ya toshe ni. Makon jiya na ga hotunan nan dai, mahaɗa baƙa a kan jan kafet da makunni a gefen kowane baki, a ƙarƙashin sabon suna da sabuwar lamba, an ƙara "saura guda biyar" a ƙasa.