Layin Baro zuwa Kano ko Ɗan Ƙaramin Jirgin Bauchi: wanne za ka rubuta a kai?

Duk lokacin zaɓen batun kundin kammala digiri, sai ɗaliban tarihi su dame ni da tambayar nan. To, ga yadda nake kallonsu.

Layin dogo na Baro shi ne mai yalwar bayani. An fara shimfiɗa shi a 1907 daga garin Baro da ke bakin kogin Kwara, ya iso Kano a 1911, aka haɗe shi da na Legas a 1912. Daga nan cinikin gyaɗa ya buɗe. Takardunsa na nan a ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna. Sai dai an riga an tattake hanyar, kawo sabon abu zai yi wuya. Zuwa Baro kuma akwai cin kuɗin mota.

Na Bauchi fa, suna ne kawai, bai taɓa shiga garin Bauchi ba. Daga Zariya ya tashi, ya bi ta Rahama ya hau tsaunin Jos domin kwasar kuza. Faɗin dogonsa ƙafa biyu da rabi, na Baro uku da rabi, dole a sauke kaya a Zariya a sake lodi. Da layin Kafanchan ya iso Jos a 1927 kasuwarsa ta fara mutuwa, aka rufe shi a 1957. Dattawan da suka hau shi suna ƙarewa, kuma wasu ƙauyukan hanyar sai ka tambayi lafiyarsu kafin ka je.

Mai ƙarancin lokaci da kuɗi ya riƙe Baro, ya dogara da takardun Kaduna. Wanda ke Zariya ko Jos, kuma ba ya ƙyashin yawo da rikoda, na Bauchi ya fi dacewa da shi.