Kaset ɗin ajiyar bayanai: wane irin kulle za ka saya?

Ofisoshin da 'yan'uwanmu ke aiki a Jidda da Makka, musamman na hidimar alhazai, cike suke da kwafin fasfo da lambobin iƙama. Wasu kan kwashe su a kaset ɗin LTO, wato kaset na musamman na adana bayanan kwamfuta, saboda ko-ta-kwana, a kai wani wurin ajiya. Kaset guda na LTO-9 yana cin terabait 18. In ya salwanta a hanya ba a kulle ba, wato ba a sirranta bayanan yadda sai mai makullin sirri zai iya karanta su ba, an yi ɓarin da ba ya kwasuwa, ga kuma dokar kare bayanan jama'a ta Saudiyya da ta fara aiki a Satumban 2023, wadda hukumar kula da bayanai ta ƙasar, SDAIA, ke sa wa ido.

Mafi arha shi ne manhajar ajiya ta kulle bayanan tun a kwamfuta. Ni dai ba na ba da wannan shawarar. Tana gajiyar da kwamfuta, kuma bayanan da aka riga aka kulle ba sa matsuwa, sai ka ga kaset na ƙarewa da wuri.

Gara na'urar kaset ta yi aikin da kanta. Tun daga LTO-4 na 2007 na'urorin ke zuwa da kulle mai ƙarfi na AES-256, suna fara matsewa kafin su kulle. Ko ta kamfanin IBM ce, ko HPE, ko Quantum, kullen iri ɗaya ne. Abin da za ka tsananta bincike a kai shi ne wanda zai riƙe makulli.

In na'ura ɗaya ce a ƙaramin ofis, bar manhajar ajiya irin su Veeam ta miƙa mata makullin, ya wadatar. In kuwa babban akwati ne mai jera kaset da yawa, nemi wanda ke aiki da KMIP, wato tsarin sarrafa makullai, makullai su zauna a sabarsu daban. Tambayi dillali ko kuɗin lasisin kullen na cikin farashi, don wasu sai an gama ciniki suke ambatarsa.

Makulli ya ɓata, kaset ya zama roba. Ko kamfanin da ya ƙera na'urar ba zai buɗe maka ba. Ajiye kwafin makullin a wani gini, ban da jakar kaset ɗin. Kafin ka biya, sa dillali ya kulle kaset guda a gabanka, ya dawo da bayanan a wata na'urar daban.