Google Slides wajen aika shafukan jawabi ga wanda ba shi da PowerPoint

Duk wanda ya taɓa shirya shafukan jawabi a kwamfuta ya tura wa abokan aiki ya san amsar da kan dawo masa: "Malam, fayil ɗin ya ƙi buɗuwa." Hakan ya same ni ana gobe za mu yi taron horaswa, domin wasu daga cikin mahalartan waya kaɗai gare su, wasu kuma kwamfutarsu ba ta da manhajar da na yi aikin da ita. A da akwai PowerPoint Viewer, wata ƙaramar manhaja ta kyauta wadda kallo kawai ake yi da ita, amma an janye ta a watan Afrilun 2018. Tun daga wannan taro nake amfani da Google Slides, manhajar shafukan jawabi ta Google da ke aiki a intanet, wajen rabawa, kuma a ganina ya cancanci yabo, ko da yake yana bukatar lura.

Babban alfanunsa shi ne yana sauke nauyi daga kan mai karɓa. Mai aikawa ne zai ɗora fayil ɗinsa na PPTX, wato fayil ɗin PowerPoint, a Google Drive, ma'ajiyar fayiloli ta Google a intanet, inda kowane asusu ke da gigabait 15 kyauta, ya buɗe shi da Google Slides, sannan ya kwafi mahaɗin (link) ya tura. Idan ya buɗe wa duk mai riƙe da mahaɗin damar kallo, wanda aka tura wa ba ya bukatar sauke komai, ba ya ma bukatar asusun Google. Burauzar da ke wayarsa ta wadatar. Izinin hawa uku ne, wato kallo, tsokaci da gyara, kuma na fi son na tsakiya idan shawara nake nema, saboda mutum zai faɗi ra'ayinsa a gefe ba tare da ya taɓa rubutun ba. Abin da ya fi kwantar mini da hankali shi ne kwafi ɗaya ne kowa ke gani. Akwai daren da na gano na yi kuskuren lissafi a shafi na bakwai bayan na riga na raba, na gyara cikin minti ɗaya, kuma duk wanda ya buɗe da safe gyararren ya tarar.

Sai dai ba kowane abu ne ke haye wannan gada lafiya ba. Idan an yi aikin da salon haruffan da Google Slides ba shi da shi, yakan musanya da wani, kuma daga nan layi kan iya tsallake iyakar akwatinsa ya hau kan hoto. Ga mai rubutu da Hausa akwai ƙarin abin dubawa, domin ba kowane salo ne ke ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ ba, sai ka ga harafin ya fito daban da 'yan uwansa a tsakiyar kalma. Wasu motse-motsen da ake ƙawata shafuka da su ma sukan sauya, fayil da ya haura megabait 100 ba ya juyuwa zuwa Google Slides, sannan mai amfani da Keynote na Apple sai ya fara mayar da aikinsa PPTX kafin ya ɗora. Saboda haka nake bin shafukan ɗaya bayan ɗaya kafin in tura wa kowa.

Mahaɗi kuma da intanet yake aiki. Shi ya sa nake sauke kwafin PDF daga cikin manhajar in haɗa da shi, domin PDF yana riƙe tsarin shafi yadda aka bar shi, duk da cewa motsi da bidiyo ba sa bin sa.

Abin da na fi so mai karatu ya kiyaye shi ne bayanan da mai jawabi ke rubuta wa kansa a ƙasan kowane shafi. Wanda aka ba izinin kallo yana iya karanta su, alhali a nan ne mutum kan ajiye abin da bai yi niyyar nuna wa kowa ba, kamar tunatarwa a kan tambayar da yake tsammani ko alkaluman da bai gama tantancewa ba. Wajen yin sabon kwafi akwai zaɓin cire waɗannan bayanai, kuma wannan kwafin nake rabawa, in bar na asali a hannuna don ranar taro.